Kunnen Goggo Halo

Idan ka kira Goggo Halo a waya, kafin ka gama gaisuwa ta riga ta san ko ka karya kumallo. Ba duba take yi ba, aiki ne ya bar mata wannan kunnen. Shekara ashirin da tara ta yi a ɗakin haɗa waya na wani babban asibiti, ɗan ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin matakalar bene, babu taga, sai fanka ɗaya mai kuka da wani ƙaton allo cike da ramuka da ƙananan fitilu. Fitila ta kama, ta cusa igiya a rami, ta ce "Halo", ta ji wanda ake nema, ta ɗauki ɗaya bakin igiyar ta cusa a ramin ɗakin haihuwa ko na ɗorin ƙashi ko ofishin babban likita. 'Ya'yan yayanta ne suka fara kiranta Goggo Halo tun suna ƙanana, sunan kuwa ya manne mata, har makwabta da yawa ba su san tana da wani ba.

Tana da wata ƙa'ida da ta ɗora wa kanta tun shekarar farko. In ta ce "Halo" sai ta yi shiru na tsawon numfashi biyu, ta bar mai kiran ya fara. A wannan ɗan shirun take jin komai. Mai neman ɗakin haihuwa numfashinsa gudu yake yi. Ma'aikacin da ke son ya yi ƙaryar ciwo ya kwana a gida, tarinsa yakan yi yawa, kuma yakan zo a kan lokaci. Wanda ya ce "lafiya lau" da sauri, to, ba lafiya ba. Cewa take mutum yana iya tsara maganarsa tun daga gida, amma numfashinsa ba ya karɓar umarni. Likitoci sun sha tsayawa a ƙofar ɗan ɗakin nan suna tambayarta, "Wanda ya kira ɗazu, yaya kika ji shi?" Ita kuma ta gyara abin sauraren da ke kunnenta ta ba su amsa, kamar ita ma da farar rigar take.

Da aka kawo na'urar nan mai cewa danna ɗaya, danna biyu, aka cire allon, aka mayar da ɗakin wurin ajiye tsintsiya da bokiti. Goggo ta karɓi takardar ritaya ta dawo gida da kunnenta. Har yau ba ta yafe wa na'urar ba.

Yanzu ta haura saba'in, tana zaune da mijinta a wani gida mai ɗaki uku da baranda, kusa da inda motocin haya ke juyawa. 'Ya'yanta huɗu duk sun watse wuraren aikinsu, in ban da Auta, malamar makaranta, da ke leƙowa kowace Asabar. Su ne suka saya mata babbar waya mai shafawa, suka buɗe mata imel, suka nuna mata inda saƙon tes ke shigowa. Ta saurare su har ƙarshe, sannan ta ce su nuna mata kore da ja kawai, na ɗauka da na kashewa, sauran su riƙe abinsu.

"Umma, tes ya fi sauƙi," in ji Auta. "Ina cikin aji ma sai in amsa miki."

"Shi ya sa kuke son sa ai. A rubuce kowa lafiyarsa lau. Kina kuka ma sai ki turo min ɗan kan nan mai dariya. Rubutu yana numfashi ne?"

Gaskiyarta kuwa, 'ya'yan tsoron kunnenta suke yi. Babban ɗanta ya taɓa kira da murya tas, bai kai ga cewa "ina kwana" ba ta ce, "Me ya haɗa ka da matarka?" Tun daga ranar, in ya san akwai abin da ke cin sa, sai ya tura tes, ita kuma ba ta buɗewa, kowa ya huta.

Mijinta shi ne gwanin tes a gidan. Tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin da ɗoriya yana zaune a kan injin, Direba kowa ke ce masa. Wayarsa ƙarama ce mai madannai, lambobinta sun goge don tsufa. Ba ya son kira ko kaɗan. In ta yi ƙara sai ya zuba mata ido har ta gaji, sannan ya ɗauka ya rubuta amsarsa, wadda ba ta taɓa wuce kalma ɗaya: "To." An yi haihuwa, to. Mota ta lalace a hanya, to. Za a zo da baƙi goma sha biyu, to. A gida ma haka yake. Goggo ta yi ta zuba daga kicin, shi yana baranda a kujerarsa yana cewa to. Takan yi alfahari da shi a gaban ƙawayenta, ta ce shekara arba'in da biyar bai taɓa musa mata ba.

Sai kuma Yaya. Su bakwai iyayensu suka haifa, yanzu su biyu suka rage, ita da shi. Ya girme ta da shekara huɗu, yana zaune da matarsa a wani gari mai nisan awa biyar a mota, kuma gwiwoyinsu duka biyu sun daina son doguwar tafiya. Akawu ne na tsohon zamani, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban tafireta, shi ya sa 'ya'yanta ke kiransa Kawu Akawu, shi kuma ya yi kamar bai ji daɗi ba. Ranar da ya gano imel, sai ka ce an dawo masa da ofishinsa. Ko gaisuwa zai yi wa jikansa sai ya sa kwanan wata, ya sa batu, ya jera magana na ɗaya, na biyu, na uku, ya rufe da "Naka mai ƙaunarka". Tes a wurinsa rashin ladabi ne, kamar ka jefa wa mutum takarda ta taga. Kira kuma, in ji shi, iska ce, in an gama ba a iya sa ta a fayil.

Amma saboda ƙanwarsa ya yarda da iskar. Kullum ƙarfe bakwai da rabi na safe, shekara goma sha ɗaya, tun rasuwar 'yar'uwarsu ta ƙarshe, Goggo takan zauna a teburin cin abinci da kofin shayinta ta kira shi. Ba wata magana ba ce mai nauyi. Gwiwa, tumatirin da ya shuka a tsofaffin bokitai, kyanwar makwabta da ke tone masa su, wane ya rasu, wane ya ƙi rasuwa. Wani lokaci su yi musu a kan launin ƙofar gidan da suka tashi a ciki, ita ta ce shuɗi, shi ya ce kore, kuma duk duniya babu na ukun da za a tambaya. Minti goma sha biyar ne, amma a kansu ranarta ke tsayawa. In ta ji muryarsa ta san har yanzu akwai wanda ya san ta tun ba ta da haƙora.

To, a bara ne layin ya fara lalacewa. Haka dai Goggo ta yanke. Tana magana sai ya ce "Na'am?", ta maimaita, ya ce "Haka ne" a inda haka ne ba ta da wurin zama. Ya kuma koma ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren titi. Da wata mace ce da ta tsorata, amma ita ƙwararriya ce, ta san matsalar layi in ta ji ta.

"Yaya, matsa kusa da taga. Sabis ɗinku ne ba kyau."

Ya matsa. Bayan sati biyu ta ce wayar ce ta tsufa, ya canja waya. Ta ce kamfanin ne, ya canja layi. Ta ce ya cire rigar wayar, ya daina rufe ƙasanta da yatsa, ya hau bene, ya fita tsakar gida. Bawan Allah, duk ya yi. Wata bakwai tana gyaran layi daga teburin cin abincinta, tana ƙara jin haushin kamfanonin waya na zamani da ba su san aikinsu ba.

Ranar wata Laraba ta ba shi labarin jikarta da ta ci jarrabawa, ta ja shi tiryan-tiryan har da abin da shugaban makaranta ya ce. Da ta gama sai ya ce, "Allah sarki. Allah ya ba ta lafiya."

Ran Goggo ya ɓaci. "Haba Yaya! In ba ka son hirar ka faɗa min mana. Ina magana hankalinka yana kan kwamfutarka. Magana da kai yanzu da magana da bango duk ɗaya." Ta faɗa da ƙarfi, daidai bakin wayar, kalma ɗaya bayan ɗaya. Wannan kam ya ji. Ya ce sai an jima.

Washegari ta kira, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Rana ta biyu ma haka. Ta kira matar yayan, ita kuma ta ce lafiyarsa ƙalau, yana ban-ruwan tumatir, ya ce a gaya mata ya turo saƙo ta imel, ta duba. Goggo ta ji a muryar matar akwai abin da aka hana ta faɗa, amma ta fassara shi da cewa fushi yake yi, an kuma ce kada a sa baki.

Imel! Ita zai yi wa imel? Wato ta zama ofis ke nan, sai an rubuto mata a jere na ɗaya na biyu. Ta rantse ba za ta buɗe ba. In yana da magana, lambarta ba ta canja ba.

Amma fa abin ya ci ta. Ƙarfe bakwai da rabi ta yi, ta zauna da shayinta, wayar na gefe, sai ta ji ɗan ƙaramin ƙara, ƙit, ta ga lambar da ke kan hoton ambulan ta ƙaru da ɗaya. Ta kifa wayar. Shayin ya huce. Ta tashi ta goge teburin da babu abin da ya same shi, ta yi wa mai kawo burodi faɗa a kan ya makara alhali bai makara ba. Tsoro ne fal cikinta, kada a ce a ƙarshen rayuwa, su biyun da suka rage, bakinta ya raba su. Sai dai girman kai ya zauna a kan tsoron ya hana shi motsi.

Asabar ta biyu ta zo, Auta ta ɗauki wayar za ta sa mata caji ta ga lambar.

"Umma, saƙon Kawu Akawu har goma! Bari in karanta miki."

"Ajiye min wayata."

"Minti biyu ne fa."

"Na ce ajiye. Mutumin da ya ɓoye muryarsa, akwai abin da ba ya son a ji. Shekara ashirin da tara ina wannan aikin, ba yau za a koya min ba. Bari ya gama fushinsa, shi zai neme ni."

Auta ta kalli babanta, ya ce, "To."

Haka aka tafi har kwana goma sha tara. A rana ta goma sha tara, da hantsi, Goggo ta kasa daurewa. Ta fito baranda ta tsaya a bayan kujerar Direba, ta hau zuba masa komai: yadda ta yi wa Yaya magana mai zafi, yadda shi ma ya cika riƙo tun suna yara, yadda ba ta barcin kirki, yadda take ganin ko ta hau mota ta je, ko kuwa zuwan zai zama ta ba da kai. Ta ƙare da cewa, "Kai me ka gani? In je ko kada in je?"

"To," in ji Direba.

"To me? In je, to, ko kada in je, to?"

Ya waiwayo ya ga fuskarta, ya gane yau to ba za ta fisshe shi ba. Ya jawo ɗaya kujerar ya ajiye ta a damansa, ya buga ta da tafin hannu.

"Zagayo ta nan ki zauna. Ki kalle ni in kina magana. Wancan kunnen ya riga ni yin ritaya."

"Wane kunnen?"

"Na hagu. Injin ya cinye shi tun ina aiki. Na daman ma rabi ne." Ya faɗa hankali kwance, kamar yana ba da labarin tsohuwar taya. "Ke a zatonki me ya sa nake son tes? In aka rubuto ina gani da idona. In aka kira kuwa, sai in ji kamar ana magana a cikin tanki."

Goggo ta zauna a hankali. "To duk 'to' ɗin nan da kake ce min daga nan ina kicin?"

"Ai ban san me kike cewa ba. Na dai lura in na ce to, ana zaman lafiya."

"Shekara nawa?"

"Za a yi goma sha biyar."

Ta tuno yadda ta sha cika baki a gaban ƙawaye da mijin da ba ya musu. Dariya ta taso mata, kunya ta tare ta a hanya. Direba bai bar ta ta huta ba.

"Yayanki ya canja waya, ya canja layi, ya tsaya a taga, ya hau bene. Kullum ina nan ina kallonki kina ihu a kan tebur. Abu ɗaya ne ya rage ba ki sa shi ya canja ba." Ya ɗaga yatsa ya taɓa kunnensa.

"Kuma ka sani ka yi shiru?"

"Ban yi shiru ba. Na turo miki tes, yau kwana goma sha biyu. Tunda nake ban taɓa rubuta mai tsawonsa ba, har yatsana ya yi ciwo."

Ta shiga ciki da sauri ta ɗauko wayar da tabarau, ta miƙa masa ya nemo mata. Ga shi nan kuwa, a saman tulin saƙonnin da ba ta taɓa buɗewa ba: "Ba layi ba ne. Kunnensa ne."

Ba ta jira Asabar ba. Ta kira Auta a lokacin hutun tara na makaranta, ta ce in an tashi ta biyo. Da la'asar suka zauna a teburin, Auta ta buɗe imel na farko, wanda ya shigo washegarin ranar faɗan, ta karanta a bayyane.

"Zuwa ga ƙanwata. Batu: dalilin rashin ɗaukar waya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Na ɗaya, ba fushi nake yi ba, ki cire wannan a ranki. Na biyu, layi ba shi da laifi, waya ba ta da laifi, taga ma ba ta da laifi. Likita ya auna ni tun watanni uku da suka wuce, ya ce kunnen dama ya tafi, na hagu yana haɗa kaya. An ba ni na'urar sawa a kunne, tana taimako in mutum yana gabana, amma a waya sai ƙugi. Na uku, na daɗe ina ce miki 'haka ne' ban san abin da na yarda da shi ba. Na ji nauyin in gaya wa mai kunne irin naki cewa yayanta ya kurumce. Jiya na gane ina ɓata miki rai, gara in faɗa. Na huɗu, abin da kika gaya min jiya game da yarinyar nan, in na alheri ne ina taya murna, in na rashin lafiya ne Allah ya sawwaƙe, ki rubuto ki sanar da ni wanne ne. Naki, yayanki."

Auta ta yi dariya a na huɗun, ta ɗago ta ga uwarta ba dariya take ba, ta haɗiye sauran.

"Ci gaba," in ji Goggo.

Sauran goma sha takwas ɗin ba wani abu a cikinsu sai hira. Tumatir ya fara ja. Kyanwar ta haihu a cikin bokiti na uku, yanzu ba shi da bakin korar ta. Gwiwa ta yi sauƙi ranar Lahadi ta dawo ranar Litinin. Ya sake tunani a kan ƙofar gidansu, har yanzu kore ce. A na goma sha biyar ya rubuta cewa ya san ba ta son rubutu, ba komai, zai ci gaba da turowa ko ba a buɗe ba.

"Umma, kin lura da lokacin da yake turo su?" Auta ta juya mata wayar tana nunawa da yatsa. Bakwai da rabi. Bakwai da rabi. Bakwai da rabi, tun daga sama har ƙasa.

Nan ne hawayen suka zo. Kwana goma sha tara tana cewa ya daina ɗaukar wayarta, ashe shi bai fasa ko rana ɗaya ba. Kullum yana zuwa a kan lokaci, ita ce take kifa shi a kan tebur. Kuma ita da ta ji ƙaryar ma'aikata ɗari ta cikin igiya, ta kasa jin abin da ke damun mutum biyun da suka fi kusa da ita, don ba ta taɓa kawowa a ranta cewa matsalar tana iya zama a wajen ji ba.

Ta share fuska da gefen mayafi, tana kallon wayarta da ta Direba da ke ajiye kusa da juna. Auta ta san wannan kallon, irin wanda take yi ne in tana lissafin yadda za a sauya wa kujerun falo wuri.

"Bakinsa lafiya lau yake, ko?" in ji Goggo.

"Lafiya lau."

"Idonsa ma yana gani. Ni kuma kunnena garau. To ai layin bai mutu ba, igiya ɗaya ce ta tsinke. Rubuta masa. Ki ce gobe bakwai da rabi ya kira ni da wayar matarsa, ya riƙe tasa a hannu. Shi ya yi magana ina ji, ni in amsa masa a rubuce ta wayar babanki. Ki sa masa na ɗaya na biyu yadda zai gane."

"Umma, ke za ki yi tes?"

"Ke dai rubuta."

"Ko in riƙa zuwa da safe ina rubuta miki kafin in wuce makaranta?"

"A'a. Layin nan ni zan haɗa shi da hannuna."

Sauran yammacin ya tafi a koyon madannai. Direba ne malamin, abin da bai taɓa mafarkin zai zama ba, kuma ya ji daɗinsa fiye da kima. Tana zaune a damansa, yana nuna mata sau nawa ake danna kowace lamba kafin harafi ya fito. Ta yi kuskure ya ce a sake. Ta ce wayarsa ce ba ta da kyau, ya ce, "Matsa kusa da taga." Sai da ta ɗaga masa cokali ya daina dariya.

Washegari tun bakwai da kwata ta shirya. Shayi a gefe, tabarau a hanci, waya biyu a gabanta, babba a hagu, ƙarama a dama. Rabonta da zama a gaban abin aiki irin haka tun ranar da aka cire allon. Bakwai da rabi daidai babbar ta kama haske. Ta danna kore, ta buɗe lasifika, bakinta ya riga tunaninta.

"Halo."

Ta yi shirunta na kullum. Ta ji numfashinsa, ta ji ƙarar kujerarsa, ta ji kyanwa tana kuka daga nesa. Sannan muryarsa ta cika ɗakin, da ƙarfi, har Direba ya juyo daga baranda.

"Ƙanwata, ga ni! In kina ji na, ki rubuto!"

Ta sunkuya a kan ƙaramar wayar da yatsa ɗaya. Jiya ta tsara abin da za ta fara da shi, ban-haƙuri ne mai tsawo har da na ɗaya da na biyu. Amma ta riga ta ji abin da ta ji a muryar, kuma hali ba ya barin mai shi. Minti huɗu ta ɗauka, tana dannawa tana gogewa, shi kuma yana ta ba ta labarin 'ya'yan kyanwa don kada layin ya zauna shiru. Ta tura.

"Ba ka karya ba."

Ta ji ƙit a can ɓangaren. Ta ji ya yi shiru yana karantawa. Sai dariya ta fashe, irin tasa ta asali mai ƙarewa da tari, wadda rabonta da ji tun kafin layi ya fara lalacewa.

"Ke, zo ki gani!" yana kiran matarsa. "Ta kama ni! Wallahi ban karya ba, tun shida nake zaune ina jiran lokaci ya yi!"

Goggo ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta rubuta masa cewa yarinyar jarrabawa ta ci, ba ciwo take ba. Ta rubuta "ka yafe min", ya ce a bar wannan maganar, ba ta cikin batun yau. Ta rubuta "shuɗi ce", ya ce kore ce, kuma yanzu da yake komai a rubuce yake zai adana a fayil. Minti goma sha biyar ɗinsu ya zama arba'in, shayin ya huce, wannan karon ba ta damu ba.

Da za su yi sallama sai muryarsa ta sauka, ta dawo kusan yadda take a da.

"Ƙanwata, da kika ɗauka ɗazu, kin ce halo kuwa?"

Ta danna a hankali: "Na ce."

"Na sani," in ji Yaya. "Ban ji ba, amma sai da na bar miki numfashi biyunki kafin na yi magana. Gobe ma ki faɗa."